Lamba mai alƙaluma miliyan 41: me aka gano, me kuma ba a gano ba?

Shin akwai lambar da ta fi kowace lamba girma? Idan babu, to mene ne aka sanar da ganowa a watan Oktoban 2024, har labari ya zaga duniya cewa an samo wata lamba mai alƙaluma 41,024,320? Tun daga lokacin maganar ke ta juyawa a bakin jama'a, kowa da yadda ya fahimce ta. Wasu sun ɗauka ƙidaya ce aka kai ƙarshenta. Wasu, waɗanda suka ɗan leƙa ajin lissafi, suna cewa an gano lambar firam mafi girma da ake da ita, wato irin lambar da ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Akwai kuma masu cewa da irin wannan lambar ake kulle asusun banki da saƙonnin waya, don haka gano ta ya ƙara wa kowa tsaro. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya faɗi daidai. Abin da aka samu shi ne lamba mafi girma da aka iya tabbatar da cewa firam ce, kuma kalmar "tabbatarwa" ɗin nan ita ce ta ɗauke kusan dukkan nauyin labarin.

Yadda ake rubuta ta

A taƙaice ana rubuta ta haka: 2^136,279,841 − 1. Ma'anarsa, a jera lamba 2 guda 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a ɗebe 1 daga abin da ya fito. Ƙaramin misali zai sa abin ya zauna: 2 guda biyar, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 2, suna ba da 32, a ɗebe 1, saura 31. Lambar da ke nuna yawan biyu-biyun da aka jera, bari mu kira ta lambar ninki.

Ninki yana da gudu fiye da yadda hankali ke zato. Lambar ninki 10 tana ba da 1,023. Lambar ninki 20 tana ba da 1,048,575. Kafin a kai 64 an riga an shiga 18,446,744,073,709,551,615, lamba mai alƙaluma ashirin. Kowane ninki goma yana ƙara kusan alƙaluma uku, shi ya sa ba sai an rubuta lambar ba kafin a san tsawonta: a ninka lambar ninkin da 0.30103, za a ga amsar ta faɗa kan miliyan 41 da 'yan kai.

Wanda ya ce zai karanta ta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kwashe kwana 474 da ɗoriya, wato sama da shekara ɗaya da wata uku. Masana kimiyya suna ƙiyasta cewa ƙwayoyin zarra da ke cikin dukkan sararin samaniyar da ake iya hange, adadinsu lamba ce mai alƙaluma kusan tamanin. Tamanin kawai. Ke nan wannan lamba ba ta ƙidaya komai a duniyar da muke gani, babu abin da yawansa ya kusanci inda take.

Duk da girman nan, akwai abubuwan da ɗan makarantar sakandare zai iya sani game da ita da fensir da takarda. Ɗauki alƙalaminta na ƙarshe. Ninkin biyu yana tafiya 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, kuma idan aka dubi wutsiyar kowace za a ga tana zagaye: 2, 4, 8, 6, sai ta sake 2, 4, 8, 6. Zagayen na huɗu-huɗu ne. A raba 136,279,841 da 4, saura 1, ke nan ta tsaya a matakin farko na zagayen, wato 2. A ɗebe 1, sai ta ƙare da 1. Haka kuwa abin yake a cikakken rubutunta: ta fara da 881694, ta ƙare da 871551.

Cika, mara, firam da haɗaɗɗiya

Rabon farko da ake yi wa lambobi kowa ya san shi: cika, wadda ke rabuwa biyu ba saura, da mara, wadda ke barin 1. Lambarmu mara ce, tun da an ɗebe 1 daga ninkin biyu.

Rabo na biyu shi ne mai muhimmanci a nan. Lambar firam ita ce wadda ta haura 1, kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka dai. Sauran duk haɗaɗɗu ne, domin ana samun su ta hanyar ninka ƙananan lambobi. Kowace haɗaɗɗiyar lamba ana iya warware ta zuwa firam-firam, kuma hanya ɗaya tak ake da ita. Lamba 360, ko ta ina aka ɓullo mata, sai ta koma 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Saboda wannan ƙa'ida ce ma aka cire 1 daga sahun firam, don da an bar ta a ciki, sai a riƙa liƙa ta sau nawa aka ga dama, hanyar warwarewar ta daina zama ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa mara da firam. Duk firam mara ce in ban da 2, amma ba duk mara ce firam ba. Lamba 91 ta sha yaudarar ɗalibai, ga ta kamar ba ta rabuwa, alhali 7 × 13 ce.

Me ya sa ba za a taɓa samun ta ƙarshe ba

An rufe wannan babi tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a Iskandariyya ta Masar, inda masanin lissafi Yuklid ya kawo hujjar da har yau ba a samu wadda ta fi ta sauƙi ba. A ƙaddara wani ya zo da jerin lambobin firam ya ce ga su nan duka. A ninka su gaba ɗaya, a ƙara 1. Sabuwar lambar, ko da wace firam ta cikin jerin aka raba ta, sai ta bar saura 1. To ko dai ita kanta firam ce, ko kuma akwai wata firam da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin. Ko ta wace fuska, jerin bai cika ba.

Mutane sukan gurgunta hujjar su ce sabuwar lambar lallai firam ce. Ba lallai ba. A ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, a ƙara 1, za a samu 30,031, wadda 59 × 509 ce. Haɗaɗɗiya ce, amma 59 da 509 duk ba sa cikin jerin da aka fara da shi, kuma abin da hujjar ke bukata ke nan.

Akwai ma abin da ya fi wannan ƙarfi. A 1852 masanin lissafi ɗan Rasha, Chebyshev, ya tabbatar cewa tsakanin kowace lamba da ta haura 1 da ninkinta biyu akwai aƙalla firam ɗaya. Ke nan mun san tabbas akwai firam da ta fi wannan girma, mun ma san unguwar da take, ba mu dai iya nuna ta da yatsa ba. Ƙa'idar yawan lambobin firam, wadda aka tabbatar a 1896, ta nuna cewa a yankin lambobi masu irin wannan tsawo, kusan ɗaya cikin kowace miliyan 94 firam ce. Sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da farkon ƙidaya, inda ake da guda 25 a ƙasa da 100, amma yankin yana da faɗin da ya sa adadinsu ya wuce misali. Tsakanin wadda ta riƙe kambun a da, mai alƙaluma 24,862,048 da aka gano a Disamban 2018, da wannan sabuwar, akwai lambobin firam da ba za su ƙidayu ba, kuma duk tsallake su aka yi.

Dangin Mersenne

Lambobin da ake samu ta hanyar ninka biyu-biyu a ɗebe 1 suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Ba duka ne firam ba. Sharaɗin farko shi ne lambar ninkin ita kanta ta zama firam, kuma dalilin yana fitowa fili idan aka rubuta lambar da salon kwamfuta, wanda ba ya amfani da komai sai 0 da 1. A wannan salon, lambar Mersenne jerin 1 ce zalla. Lamba 63, mai lambar ninki 6, ana rubuta ta 111111. Tun da 6 na rabuwa, ana iya yanka jerin gida biyu daidai, 111 da 111, ko gida uku, 11, 11, 11. To 111 a wannan salon 7 ke nan, 11 kuma 3, kuma lallai 7 da 3 suna raba 63. Duk lokacin da jerin ya yanku daidai, lambar ta rabu. Lambarmu jerin 1 ce guda 136,279,841, kuma wannan adadi firam ne, ba ya yankuwa.

Sai dai sharaɗin bai wadatar ba. Lambar ninki 11 firam ce, amma tana ba da 2,047, wadda 23 × 89 ce. A nan ne wahalar take, domin babu wata alama daga waje da za ta nuna wacce za ta fito firam.

A 1644 Mersenne ya fitar da jerinsa, ya ce daga lambobin ninki har zuwa 257, waɗanda ke ba da firam su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. An kwashe kusan shekara ɗari uku kafin a gama tantance maganarsa. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ga mutumin da ba shi da na'ura, wannan ba abin kunya ba ne. Masanin lissafi Euler ya tabbatar da mai lambar ninki 31 a 1772, wato 2,147,483,647. Édouard Lucas ya tabbatar da ta 127 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, kuma har yau ita ce firam mafi girma da aka tabbatar da lissafin hannu. Ta 67 kuwa, a 1903 ne Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a New York ya nuna a kan allo cewa 193,707,721 × 761,838,257,287 ce.

Gwajin da ya sa dangin nan suke riƙe da kambu

Hanyar da aka koya mana a makaranta ta gane firam ita ce a yi ta rabawa: a gwada 2, a gwada 3, a gwada 5, har a kai lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta kai wadda ake gwadawa. Ga lambarmu, wannan iyakar tana da alƙaluma sama da miliyan ashirin. Ko da an tara dukkan kwamfutocin duniya tun ranar da aka ƙera ta farko, ba su ko fara ba.

Abin da ya ceci lamarin shi ne wata dabara da Lucas ya ƙirƙiro, Derrick Lehmer ya gyara ta a farkon shekarun 1930. Tana aiki ne a kan lambobin Mersenne kaɗai. Ga yadda take: a fara da 4. A ninka lambar da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura. A maimaita da sauran da aka riƙe. Yawan maimaicin shi ne lambar ninki a ɗebe 2. Idan saura na ƙarshe ya zama 0, lambar firam ce. Idan wani abu ne daban, haɗaɗɗiya ce.

Mu gwada da 31, mai lambar ninki 5, wato zagaye uku. Zagayen farko, 4 × 4 a ɗebe 2, an samu 14. Na biyu, 14 × 14 a ɗebe 2, an samu 194, a raba da 31, saura 8. Na uku, 8 × 8 a ɗebe 2, an samu 62, wanda 31 ke rabawa ba saura. An tashi da 0, don haka 31 firam ce. Idan aka bi da 2,047 ta wannan hanya, zagaye tara, za a bi ta 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, a ƙare a 1,736. Ba 0 ba ne, don haka haɗaɗɗiya ce. A lura da wani abin mamaki: gwajin ya ce 2,047 na rabuwa, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Yana faɗin hukunci ba tare da ya nuna mai rabawar ba. Akwai lambobin Mersenne masu tarin yawa da aka san haɗaɗɗu ne, amma har yau ba a san ko lamba ɗaya da ke raba su ba.

Ga lambarmu, zagayen ya haura miliyan 136, kuma a kowane zagaye ana ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Aiki ne mai nauyi, amma mai yiwuwa. Wani sauƙin kuma shi ne, rabawa da jerin 1 zalla abu ne da kwamfuta ke yi cikin arha, yanka lambar kawai take yi ta tara gutsattsarin.

Ina ganin wannan shi ne abin da rahotannin labarai suka fi barin baya. Lambobin Mersenne ba don sun fi sauran firam daraja ko yawa suke riƙe da kambun ba. Su ne dai muke da gajeriyar hanyar gwadawa. Tun daga 1992, duk lambar da ta riƙe matsayin firam mafi girma da aka sani daga wannan dangin take. Idan aka zaɓo wata lamba haka kawai mai alƙaluma miliyan 41, wadda ba ta da siffa ta musamman, babu wata hanya a yau da za a tabbatar da ita, ko da kuwa firam ce. Kambun yana auna ƙarfin gwajinmu da na na'urorinmu ne.

Wanda ya gano ta, da taƙaddamar ranar ganowa

Kwamfuta ta fara cin nasara a wannan farauta a 1952, lokacin da Raphael Robinson ya samo sababbin firam na Mersenne guda biyar cikin shekara ɗaya da wata na'ura a Los Angeles. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, wani shiri na 'yan sa-kai inda kowa ke sauke manhaja kyauta, a ba kwamfutarsa lambar ninki ɗaya ta yi ta gwadawa a lokacin da ba ta da aiki. Wannan ita ce firam ta 18 da shirin ya samo.

Wanda ya dace da ita shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka. Bai bi hanyar da aka saba ba. Maimakon kwamfutar gida, sai ya yi hayar dubban na'urorin GPU, irin waɗanda ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin kwamfuta da ke ƙasashe 17. Ya fara a Oktoban 2023, ya ɗauki kusan shekara guda, kuma kafafen labarai sun ruwaito cewa ya kashe kimanin dala miliyan biyu.

Ranar 11 ga Oktoban 2024 wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ailan ta ba da rahoton cewa lambar ta tsallake gwajin farko. Wannan gwajin, wanda ya samo asali daga wata ƙa'ida ta masanin lissafi Fermat, ba ya yanke hukunci, cewa kawai yake yi kusan tabbas firam ce. Washegari, 12 ga wata, wata na'ura a San Antonio ta jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer, aka tashi da 0. Wace ce ranar ganowa? An yi 'yar muhawara a kai, GIMPS ta tsaya a kan 12 ga wata. Wani zai ce wannan ƙiriniya ce ta masana, tun da yiwuwar gwajin farko ya yi ƙarya a kan lamba mai wannan girma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Amma a lissafi "kusan tabbas" da "tabbas" aji biyu ne daban, kuma ina tare da waɗanda suka ƙi haɗa su. An sanar da duniya ranar 21 ga watan, bayan an sake gwajin da manhajoji daban-daban a kan na'urori daban-daban.

Ana kiran ta firam ta Mersenne ta 52 da aka sani. Wannan ba ya nufin ita ce ta 52 a jere. Lokacin da aka gano ta ba a gama gwada dukkan lambobin ninkin da ke ƙasa da ita ba, kuma an taɓa ganin irin haka: a watan Agustan 2008 aka gano mai lambar ninki 43,112,609, sai ga 37,156,667 ta ɓullo a watan Satumba, sannan 42,643,801 a 2009, duka biyun ƙanana ne a kanta.

Sauran azuzuwan da ta shiga

Akwai wani tsohon rabo da ake yi ta hanyar tara lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. Lamba 6, masu raba ta su ne 1, 2 da 3, jimillarsu 6 daidai. Irin wannan ana ce mata kammalalliya. Ta biyu ita ce 28, wato 1 + 2 + 4 + 7 + 14, sai 496, sai 8,128, sannan a yi tsalle zuwa 33,550,336. Wadda jimillar masu raba ta ba ta kai ta ba, kamar 8, gajiyayya ce, wadda kuma jimillar ta wuce ta, kamar 12, mai rara ce. A wannan ma'auni lambarmu, duk girmanta, gajiyayya ce ta ƙarshen gajiya, domin mai raba ta 1 ne kawai.

Amma tana haifar da kammalalliya. Yuklid ya nuna cewa idan aka ɗauki firam ta Mersenne aka ninka ta da rabin lambar da ke bi mata, kammalalliya ce ke fitowa: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496. Bayan kusan shekara dubu biyu Euler ya tabbatar cewa duk kammalalliyar lamba cika ta wannan hanyar take fitowa, babu wata. Saboda haka ranar da aka gano sabuwar firam, an kuma gano kammalalliyar lamba ta 52 da aka sani, mai alƙaluma sama da miliyan 82. Ko akwai kammalalliya mara? Babu wanda ya sani. Ba a taɓa samun ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ba. Abin da aka iya nunawa a 2012 shi ne, idan akwai, to alƙalumanta sun haura 1,500. Haka nan ba a tabbatar ko firam na Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita ba, duk da cewa yawancin masana suna kyautata zaton ba su ƙarewa.

Wani aji kuma, wanda ba a cika ambata ba. Lambar murabba'i ita ce wadda ake samu idan aka ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25. A 1770 masanin lissafi Lagrange ya tabbatar cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13, wato 4 + 9. Amma duk lambar da ke barin saura 7 idan aka raba ta da 8, sai ta cinye huɗun cif. Lamba 31 misali ce: 25 + 4 + 1 + 1, kuma babu yadda za a yi da uku. Lambarmu ninkin 8 ce aka ɗebe wa 1, don haka saura 7 take bari, ita ma sai da huɗu.

Maganar tsaron banki da waya

Gaskiya ne lambobin firam suna cikin tsaron intanet. Tsarin RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, ya dogara ne a kan cewa ninka manyan firam biyu abu ne mai sauƙi, amma warware amsar a gano su abu ne mai tsananin wuya. Makullin da aka fi amfani da shi lamba ce mai alƙaluma 617, wadda aka samu daga firam biyu masu alƙaluma kusan 309 kowace. A watan Fabrairun 2020 wani rukunin masu bincike ya warware lambar RSA mai alƙaluma 250, aikin da aka ƙiyasta ya yi daidai da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ta yi shekara 2,700 tana aiki. Tsakanin 250 da 617 akwai tazara mai nisan gaske.

To amma firam ɗin da ake amfani da su a nan, kwamfuta ce ke zaɓo su a asirce cikin ƙiftawar ido, kuma dukkan tsaron ya rataya ne a kan kada kowa ya san su. Lambar da aka buga a kowace jarida ba ta da sirri. Firam na Mersenne 52 ne kacal aka sani, ɓarawo zai gama gwada su kafin ya gyara zama. Ga kuma nauyi: babu wayar da za ta riƙa juya lamba mai alƙaluma miliyan 41 duk lokacin da aka aika saƙo. Don haka gano ta bai ƙara wa asusun kowa tsaro ba, bai kuma rage ba. Abin da ke barazana ga RSA wani abu ne daban, wato kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin na'ura da ake kan ƙerawa. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa irin wannan na'ura, idan ta yi ƙarfi, za ta iya warware manyan lambobi cikin sauri, shi ya sa a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye bayanai waɗanda ba su dogara da wahalar warware lamba ba.

To, ina amfanin?

Masu suka suna da hujja. Dala miliyan biyu da wutar lantarkin dubban na'urori, a kan lambar da ba ta ƙidaya komai, ba ta kuma kulle komai. Ko a cikin masu farautar akwai fargabar cewa abin ya fara fita daga hannun mai kwamfuta ɗaya a ɗaki ya koma na mai kuɗin haya, domin shekara 28 ke nan kwamfutocin talakawa ke samo waɗannan lambobi kafin wannan karon.

Masu karewa sukan kawo ribar gefe, kuma ba ƙarya suke yi ba. Manhajar Prime95 ta GIMPS tana matsa wa kwamfuta lamba sosai, har masu haɗa na'urori suka mayar da ita abin gwada lafiyar sabuwar kwamfuta, kuma da ita aka bankaɗo wata matsala a ƙwaƙwalwar Skylake ta Intel wadda aka sanar a farkon 2016. Kafin nan, a 1994, Thomas Nicely yana bincike a kan lambobin firam ne ya gano kuskuren rabawa a ƙwaƙwalwar Pentium. Ƙananan 'yan dangin kuwa suna aiki kullum ba mu sani ba. Manhajar Mersenne Twister ta 1997, wadda ke samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a harsunan kwamfuta irin su Python, an gina ta a kan firam mai lambar ninki 19,937. Ita kuwa 2,147,483,647 ta Euler, ita ce iyakar ƙidayar tsofaffin kwamfutoci da yawa, shi ya sa agogon wasunsu, da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, zai cika ranar 19 ga Janairun 2038 idan ba a sabunta su ba.

Duk da haka, ni dai ban ga dalilin da zai sa a riƙa fakewa da ribar gefe ba. Babu wanda ya kashe dala miliyan biyu don ya gwada lafiyar na'ura. Son sani ne, da son a ce ni na fara gani, kuma kowace sabuwar lamba tana ƙara wa masana ɗigo ɗaya a kan hasashensu na yadda waɗannan firam suke warwatse, a fagen da ɗigon 52 ne kawai ake da su.

Ta fuskar kuɗi kuwa cinikin faɗuwa ne. Ladan GIMPS ga wanda ya samo sabuwa dala 3,000 ne. Ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta biya dala 100,000 a kan firam ta farko da ta haura alƙaluma miliyan goma, wadda wata kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta samo a 2008. Kyautarta ta gaba dala 150,000 ce, ga wanda ya kawo firam mai alƙaluma miliyan ɗari. Kafin lambar Mersenne ta kai wannan tsawo sai lambar ninkinta ta haura miliyan 332, kuma duk lokacin da lambar ninki ta ninka biyu, aikin gwada lamba ɗaya yana ninka sama da huɗu, domin zagayen ya ƙaru, lambar da ake juyawa a kowane zagaye ma ta ƙara tsawo.